Ƙaramin bankin unguwa: zai iya ƙara min jari, ya kuma taimaka min in mallaki gidan farko?

Mai_Tireda_Kurna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon tireda, ina kuma zaune a gidan haya. Akwai wani ƙaramin banki kusa da kasuwarmu, irin waɗanda iyayenmu suke kira bankin al'umma, ma'aikatansa kullum suna zagayowa da fom suna cewa a buɗe asusu za a samu rance. Tambayata biyu ce. Shin da gaske suna ba ɗan ƙaramin ɗan kasuwa bashi ba tare da takardar gida ba, kuma me suke dubawa? Na biyu, mutum zai iya bi ta wajensu ya sayi gidansa na farko? Masana a taimaka da bayani dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Akanta:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da asalin bankin, don a nan amsar tambayarka ta biyu take ɓoye.

Bankunan al'umma an fara su ne a zamanin Babangida, na farko aka buɗe shi a Kaduna a ƙarshen 1990. Tunanin shi ne mutanen gari su haɗa hannun jari su kafa bankinsu, a ba mutum bashi saboda an san shi an san gidansu, ba don yana da kadara ba. A Disambar 2005 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fito da sabon tsari, ya ba su wa'adi zuwa ƙarshen 2007 su koma ƙananan bankunan da a yau za ka ga an rubuta MFB a ƙarshen sunansu. To wanda ke kusa da kasuwarku, in dai yana da lasisi, ɗaya ne daga cikin waɗannan.

Hawa huɗu ne, gwargwadon jarin da doka ta ɗora musu. Na karkara mafi ƙanƙanta, Naira miliyan 50. Na cikin birni, miliyan 200. Mai lasisin jiha guda, biliyan 1. Mai lasisin ƙasa baki ɗaya, biliyan 5. Ka tambayi manajan a wane hawa suke, ba rashin kunya ba ne. Dalili kuwa, ƙa'idar CBN ta ce kada bankin ya ba mutum ɗaya abin da ya wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin masu hannun jarinsa, ƙungiya kuma kashi 5. Yi lissafin da kanka: mai miliyan 50 iyakarsa ₦500,000 ga mutum ɗaya, mai miliyan 200 iyakarsa miliyan 2. Sannan kashi 80 cikin 100 na dukkan bashin da ya bayar dole ya zama ƙananan rance, waɗanda wa'adinsu na asali wata 6 ne, na noma har wata 12, na gyara ko ƙarin gini har wata 24. Bankin da aka ɗaure haka ba shi da hannun saya maka gida, ko da manajan ƙanin babanka ne.

Amma a ɓangaren jari, a nan suke da amfani, kuma eh, suna bayarwa ba tare da takardar gida ba. Abin da ke faruwa kusan ko'ina iri ɗaya ne. Za ka buɗe asusu da BVN da NIN da hotuna da shaidar adireshi. Za su so su ga kuɗi yana shiga yana fita na wani lokaci, galibi wata biyu zuwa shida, ya danganta da bankin. Sai jami'in rance ya zo shagonka, sau da yawa ba tare da ya sanar ba. Zai ƙirga kayan da ke kan kanta da na sito ya yi musu kuɗi a farashin sari, ba farashin sayarwa ba. Zai tambayi cinikin rana mai kyau da na rana maras kyau, wa kake saro wa kaya, mutum nawa kake ciyarwa, nawa ne haya, wa kake bi kuma wa ke bin ka. Zai leƙa wajen maƙwabtan shago ya ji me ake faɗa a kanka. Daga nan ya je gidanka ya tabbatar a nan kake kwana.

Abin da yake nema a duk wannan zirga-zirga ɗaya ne: bayan ka cire kuɗin kaya da cefane da haya da kuɗin makaranta, nawa ke saura a wata? Kuɗin da za ka riƙa biya bai kamata ya cinye wannan ragowar duka ba. Shi ya sa wanda yake da littafin ciniki, ko na kwabo ne, yake riga wanda ya fi shi kaya samun amincewa. Haka wanda cinikin POS da tiransifa ɗinsa yake faɗawa asusu ɗaya. Mai karɓar kuɗi a asusun yaronsa yau, na matarsa gobe, shi ya ɓoye wa banki ƙarfin kasuwarsa da hannunsa.

Jingina kuwa, ga ƙaramin rance masu tsaya maka suke nema, mutum ɗaya ko biyu masu sana'a ko albashi. In kuɗin ya ɗan yi nauyi sai a haɗa da kayan shago, firiza, janareto, babur ko keke napep. Tun 2017 akwai dokar da ta amince a jinginar da irin waɗannan kayan da ake iya ɗauka, kuma akwai rajistar jingina ta ƙasa da ake shigar da su. Don haka kada ka jinginar da firiza ɗaya a wuri biyu, za a gani.

Abin da ya fi kayar da mutane a matakin ƙarshe shi ne tsohon bashi. Banki zai duba sunanka a kamfanonin adana tarihin bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Dubu goma da mutum ya ci a wata manhajar waya shekara biyu baya ya share, tana iya fitowa ta tsayar da takardarsa.

Hajiya_Mai_Lissafi:

Yallaɓai Akanta ya yi bayanin yadda ake shiga, ni kuma zan yi na yadda ake fita, don a nan ake kuka.

Ƙanena, in sun ce maka ruwan kashi 4 ne, tambaya ta farko: a wata ko a shekara? Kusan kullum a wata ne. Tambaya ta biyu, wadda mutane ba sa yi: a kan asalin kuɗin ake lissafawa har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage? Ga misali da ₦500,000 na wata 6 a kashi 4. In a kan asalin kuɗi ne, kowane wata ₦20,000 ne, jimilla ₦120,000, kana biyan kusan ₦103,300 duk wata, kuma a watan ƙarshe da bashin da ya rage bai kai dubu 84 ba har yanzu ruwan dubu ɗari biyar kake biya. In a kan ragowa ne, watan farko ₦20,000, na biyu kusan ₦16,700, haka yana sauka, jimillarsa ₦70,000. Duka biyun sunansu kashi 4, amma tsakaninsu dubu hamsin.

Ba a nan ya tsaya ba. Da yawansu suna riƙe wani kaso a matsayin ajiyar dole, kashi 10 ko 20, wanda ba za ka taɓa ba sai ka gama biya. Ga kuɗin fom, ga kuɗin gudanarwa, ga inshora. Idan an riƙe kashi 10 aka kuma cire kashi 2 na caji, ₦440,000 ce za ta shigo hannunka, amma ruwan ₦500,000 za ka biya. Don haka ka ce a rubuta maka abu uku a takarda kafin ka sa hannu: nawa zai shiga hannuna, nawa zan mayar gaba ɗaya, a waɗanne ranaku. Haƙƙinka ne a ba ka takardar tayi da jadawalin biya, ka tafi da su gida wani ya karanta maka. Ka kuma tambayi tarar jinkiri, da ko za a rage maka ruwa in ka biya kafin wa'adi, domin a tsarin lissafin ruwa a kan asalin kuɗi sau da yawa ba a ragewa.

To shin ya kamata a ci? Ya danganta da saurin jujjuyawar kaya. Sukari, taliya, sabulu, man gyaɗa, ribarsu siririya ce amma suna iya juyawa sau biyu ko uku a wata. Idan kana samun kashi 5 a kowane juyi kuma ka juya sau uku, ka samu kashi 15 a wata, ka ba banki nasa ka tsira da saura. Wanda kayansa ke kwana wata biyu kafin su fita, kamar mai kayan ɗaki ko atamfa mai tsada a bayan salla, ko ribarsa ta kai kashi 10, banki yake yi wa aiki. Kuma lokaci yana da muhimmanci: rancen da ya fito makonni uku kafin azumi ba ɗaya yake da wanda ya fito a tsakiyar damina ba. Ka shigar da takarda da wuri, don aikin yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku.

Ga mata masu sana'ar cikin gida akwai bashin ƙungiya, mutum biyar zuwa ashirin ko fiye, kowa na tsaya wa kowa, ana haɗuwa duk mako a biya. Ba a neman jingina ko kaɗan. Illarsa, in ɗaya ta gaza sauran ne za su cike, kuma a nan zumunci ke lalacewa. Kada a shiga ƙungiya da wadda ba a san cinikinta ba don kawai a cika adadi. Wata matsalar da ake yawan gani ita ce mace ta karɓo da sunanta ta miƙa wa maigida, ranar biya kuma ita jami'i ya sani.

Abu na ƙarshe, ajiyarka. A 2010 CBN ta soke lasisin irin waɗannan bankuna 224, a Mayun 2023 ta sake soke 179. Ka duba sunan bankin a jerin da CBN ke wallafawa, ka kuma ga alamar NDIC, hukumar inshorar kuɗin masu ajiya a banki. Tun 2024 hukumar NDIC tana biyan mai ajiya har Naira miliyan 2 in ƙaramin banki ya rushe, a da ₦200,000 ne kawai. Abin da ya haura miliyan 2 sai an sayar da kadarorin bankin tukuna. Kuɗin gida da kake tarawa, in ya wuce haka, raba shi.

Mai_Tireda_Kurna:

Na gode Yallaɓai, na gode Hajiya. Na fahimci maganar jari. To gidan fa, ta ina ake bi? Kuma maganar ruwa tana damuna, akwai hanyar da babu shi?

Safiyo_Dan_Zariya:

Malam, na gida hanyarsa daban, ma'aikatarsa daban. Duba bambancin da lissafi: miliyan 10 a kashi 4 duk wata, ruwa kaɗai ₦400,000 ne a wata. Miliyan 10 ɗin nan a kashi 6 a shekara, na tsawon shekara 30, kusan ₦60,000 ne a wata, uwa da ruwa. Na biyun shi ne tsarin Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, yake riƙe da shi.

Mutane sun ɗauka na ma'aikatan gwamnati ne kawai saboda su ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 a albashi. Mai sana'ar kansa ma yana iya rajista ya riƙa zuba kashi 2.5 na abin da yake samu a wata. Bayan wata 6 yana zubi a jere ya cancanci nema. Ba FMBN kake zuwa kai tsaye da buƙatar sayen gida ba, ta hannun bankin lamunin gidaje da aka amince da shi ake bi, shi zai tattara takardunka ya tura. Rancen da bai wuce miliyan 5 ba, tun 2018 ba a neman kafin alƙalami. Daga nan zuwa miliyan 15, kashi 10 ne daga aljihunka. Biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarka, wato mai son biyan ₦60,000 sai ya nuna yana samun ₦180,000. Shekarun kuma ana auna su da abin da ya rage maka ka kai 60. Ɗan shekara 40 shekara 20 zai samu, sai miliyan 10 ɗin ta koma kusan ₦71,600 a wata.

A nan ne ƙaramin bankin naku zai yi maka rana. Ma'aikaci yana da takardar albashi, kai ba ka da ita. Abin da zai tsaya a madadinta shi ne bayanan asusunka na shekara ɗaya ko biyu, da rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3, da tarihin rance biyu ko uku da ka ci ka biya a kan lokaci. Waɗannan ba a haɗa su a wata guda.

Amma in faɗa maka gaskiya, abin da ke kashe maganar a Arewa ba kuɗin shiga ba ne, takardar fili ce. Galibin gidajen da ɗan tireda zai iya saye a Kano ko Zariya a filin awon igiya suke, takardarsu ita ce yarjejeniyar ciniki da sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu. Wannan tana da daraja a tsakanin jama'a, amma bankin lamuni ba ya karɓarta. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filin birni yana hannun gwamna, kuma ba a jinginar da shi sai da takardar mallaka, C of O, da amincewar gwamna. Don haka kafin ka ba dillali ko sisi, ka karɓi lambar fayil ɗin gidan ka je a bincika a hukumar bayanan filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Binciken zai nuna sunan wa ke kan takardar, ko an riga an jinginar da gidan, ko akwai kuɗin ƙasa da ba a biya ba, ko filin ya faɗa kan hanya ko makaranta a taswirar gwamnati. Gidan gado kuma sai ka ga takardar rabon gado daga kotu da sa hannun magada duka, ba na babban wa kaɗai ba.

Ka kuma ware kuɗi daban don abin da rancen ba ya ɗauka: mai kimanta darajar gida, lauya, harajin hatimi, kuɗin rajista da na amincewar gwamna, inshorar gobara, la'adar dillali. Kowace jiha da farashinta. Sannan kuɗin NHF ba ya fitowa da wuri, watanni ne, wani lokaci fiye da shekara, mai gida kuwa ba zai jira ba. Shi ya sa waɗanda suka fi cin moriyar tsarin su ne masu sayen gida a rukunin gidajen da aka gina da takardu tun farko.

Ga mai albashi da ke karantawa: tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda a ciri har kashi 25 na asusun fansho a biya kafin alƙalamin gida, in an yi wata 60 ana zubi.

Abu_Hafsa:

Game da ruwa, ɗan'uwa, akwai mafita, sai dai a san yadda take aiki don kada a yi zaton sadaka ce. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, kuma CBN ta fitar da ƙa'idojin ƙananan bankuna marasa ruwa a 2017. Akwai irinsu a Arewa, kamar Tijarah a Bauchi.

Na jari, murabaha ake yi. Ba za a ba ka kuɗi a hannu ba. Za ka kawo takardar farashi daga wanda kake saro wa kaya, banki ya sayi kayan ya mallake su, sannan ya sayar maka da riba sananniya. Misali ya sayi katan-katan na ₦400,000 ya sayar maka ₦460,000 a biya cikin wata 6. Farashin ya ƙulle, ko ka yi jinkiri ba ya ƙaruwa ya zama ribar banki, tarar da ake sawa sadaka ake fitarwa da ita. Inda ake ɓata cinikin shi ne a haɗa baki da dila a kawo rasit na bogi don a karɓi tsabar kuɗi, ko a sa hannu a takardar sayarwa tun bankin bai mallaki kayan ba. Ka lura da jerin matakan, su ne suka raba shi da bashi mai ruwa.

Na gida kuma ijara ce da ke ƙarewa da mallaka, ko haɗin gwiwa mai raguwa: kai ka kawo kasonka, banki ya kawo nasa, kana biyan hayar kason banki kana kuma saye shi kaɗan-kaɗan har gidan ya zama naka. Amma su ma C of O suke nema, kason da za ka fara kawowa ya fi na NHF yawa, shekarun biya kuma ba su kai nasa ba. Kuma jimillar abin da za ka biya ba lallai ta fi ta sauran bankuna sauƙi ba. Tambayoyi ukun Hajiya suna nan daram a nan ma.

Tsohon_Akanta:

Malam Safiyo, bayaninka daidai ne, amma kada mu sallami ƙaramin bankin daga maganar gida gaba ɗaya. Yawancin masu gida a unguwanninmu ba da lamuni suka saya ba, ginawa suka yi a hankali, kuma rancen wata 24 ɗin da na ambata don wannan aka yi shi.

Dabarar ita ce a san matakin da ake ci wa bashi. Fuloti, a saya da tari ko adashi, don fili ba ya kawo ko kwabo da za a biya da shi. Harsashi da jera bulo zuwa linta, suna jure a yi su kaɗan-kaɗan, bulo ɗari biyu yau, buhun siminti goma wata mai zuwa. Rufi ne ba ya son tsaiko. Katako in ya hau ya sha rana da ruwa ba kwano sai ya karkace, bangon da aka bari a buɗe damina biyu kuma ya fara tsagewa. To a nan rance yake da ma'ana: katako, kwano, kusa, ƙofofi, tagogi, masai da ɗaki ɗaya ko biyu da za a iya shiga, a yi su a tashi ɗaya cikin rani. Ranar da ka tare, kuɗin hayar da kake ba mai gida ya koma biyan banki. Filasta da tayil da fenti su biyo baya daga aljihu.

Sharaɗi biyu. Kada a karɓi rancen jari a zuba a gini. Jami'i ya auna biyan ne da ribar kayan da za ka ƙara, in kayan ba su shigo ba, kayan shago za ka fara ci, wata uku shago ya rame, ginin kuma bai kai ko'ina ba. Faɗa musu gaskiya na rufi kake so, a tsara shi da wa'adinsa. Na biyu, kada a haɗa biyu a lokaci guda, a gama na shago kafin a buɗe na gini.

Kuma ko a awon igiya ne, ka sa safiyo mai lasisi ya auna fulotin ya fitar da taswira, ka shigar da neman takarda a ma'aikatar filaye tun ginin yana ƙasa, ka nemi izinin gini a hukumar tsara birane, KNUPDA, tunda a Kano kake. Ka kawo wa bankin kiyasin birkila da na kafinta a rubuce, da farashin kwano daga shago biyu, ka ƙara kashi 10 a kai saboda tashin kaya tsakanin ranar kiyasi da ranar da kuɗin zai fito.